Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Yemi Tella

Sau da yawa idan aka yi zancen tarihin mashahuran mutane a wannan mujalla tamu, hankali yakan koma ga sarakuna da malaman addini da mawaƙa. Ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan wani malami na daban, wanda filin tamaula ne ajinsa, yara 'yan ƙasa da shekara 17 kuma su ne almajiransa. Shi ne Theophilus Adeyemi Tella, wanda aka fi sani da Yemi Tella, mutumin da ya ciwo wa Nijeriya Kofin Duniya na matasa a 2007, bai kuma yi wata biyu ba bayan haka rai ya yi halinsa.

Tella Bayarabe ne, an haife shi wajen shekarar 1951. Ba ya cikin waɗanda sunansu ya cika ƙasa tun suna buga wa babbar ƙungiyar Nijeriya wasa. Sana'arsa koyarwa ce a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, inda ake horar da masu horar da 'yan wasa. Wato dai kafin jama'a su san shi, aikinsa shi ne koya wa manya yadda ake koya wa yara. Ina ganin duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba.

A lokacin da aka danƙa masa ƙungiyar Golden Eaglets, tauraruwarta ta riga ta dusashe. Ita ce ta ci kofin farko a Sin a 1985, a hannun Sebastian Brodericks, bayan ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. Ta sake ci a Japan a 1993, a hannun Fanny Amun, zamanin su Nwankwo Kanu. Daga nan sai abu ya yi ta ja da baya. A 2001 ta kai wasan ƙarshe, Faransa ta lallasa ta da ci 3 da nema. A 2003 ƙuri'a ce ta fitar da ita tun a zagayen farko. A 2005 kuwa ko samun shiga gasar ba ta yi ba. Wannan shi ne gadon da Tella ya tarar.

Sai ya shiga tara yara daga sassan ƙasa. A cikinsu akwai Lukman Haruna haifaffen Jos, wanda aka ba shugabancin 'yan wasan, da Rabi'u Ibrahim ɗan Kano, da Yakubu Alfa, da Sheriff Isa wanda daga baya ya buga wa Kano Pillars, da Macauley Chrisantus, da mai tsaron gida Oladele Ajiboye. Cikin mataimakansa kuma akwai Manu Garba, mutumin Gombe. A watan Maris na 2007 suka je Togo, suka ciwo kofin Afirka bayan sun doke masu masaukin baƙi da ci 1 da nema.

A watan Yuni na wannan shekara ya kai yaran Koriya ta Kudu don wata gasar share fage ta ƙasashe takwas. A wannan tsakanin ne aka gano yana ɗauke da ciwon daji na huhu. Mai karatu ya auna da kansa: saura wata biyu a fara babbar gasa, ga ciwon da ba ya jira, ga kuma yaran da suka saba da muryarsa. Da ya ajiye aikin ya nemi magani, ba mai zarginsa. Bai ajiye ba. Ya koma Koriya da su a watan Agusta, da ciwonsa a ƙirji.

Wasa bakwai suka buga, ba a doke su ko sau ɗaya ba. A zagayen farko sun ci Faransa 2 da 1, inda Rabi'u Ibrahim ya jefa ta biyun, suka ci Japan 3 da nema, Haiti kuma 4 da 1. Wasan da ya fi tayar musu da hankali shi ne na Kolombiya, domin a nan ne aka riga su ci, aka kuma yi nisa cikin kashi na biyu a haka, kafin Sheriff Isa ya rama, Yakubu Alfa ya ƙara. A irin wannan wuri ne ake gane aikin malami. Yaro ɗan shekara goma sha, idan ya ga lokaci na ƙurewa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya watsar da abin da aka koya masa ya shiga gudu ba kan gado. Su ba su watsar ba. Daga nan suka kawar da Ajantina da ci 2 da nema, sannan Jamus da ci 3 da 1.

Ranar Lahadi 9 ga Satumba, 2007, aka yi wasan ƙarshe da Sifen a birnin Seoul. Can dare ne, mu nan kuwa da hantsi. A ƙasar Gumel lokacin gero ya nuna, azumi kuma saura 'yan kwanaki. Ina tuna mu a Ɗanzomo rediyo ɗaya muka kewaye, wasunmu da lauje a hannu, aikin gona ya tsaya. An yi minti 120 ba wanda ya ci wani, sai aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. 'Yan Nijeriya uku, Matthew Edile da Daniel Joshua da Ganiyu Oseni, duk suka ci. 'Yan Sifen uku kuwa ba wanda ya ci: ɗaya ya bugo waje, Ajiboye ya tare biyu. Haka Nijeriya ta ɗauki kofin karo na uku, duka ukun kuma a nahiyar Asiya. Chrisantus ne ya fi kowa jefa ƙwallo a gasar, da guda 7.

Da suka dawo gida, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karɓe su, ya kuma ba Tella lambar girmamawa ta ƙasa ta MFR. Amma jiki ya riga ya yi nauyi. Ya yi makonninsa na ƙarshe kwance a asibiti a Legas, ya rasu ranar Asabar 20 ga Oktoba, 2007, yana da shekara 56, kwana 41 kacal bayan wasan Seoul. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na shekarar 2007, amma ba ya raye aka bayar da kyautar.

Ba zai kyautu ba a rufe tarihin malami ba a duba almajiransa ba, kuma a nan ne abin ya ɗan yi ɗaci. Toni Kroos, wanda suka doke tare da 'yan uwansa Jamusawa, ya ci babban Kofin Duniya a 2014. David de Gea, wanda ya tsare wa Sifen gida a ranar, ya shekara 12 a Manchester United. Namu kuwa, Lukman Haruna ya buga babban Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, sauran yawancinsu suka watsu. Rabi'u Ibrahim, wanda aka riƙa kwatantawa da Jay-Jay Okocha, ya zaga Fotugal da Holan da Sikotilan kafin ya sami wurin zama a Sulobakiya. Wasu suna danganta wannan da tsohuwar maganar nan ta shekarun 'yan wasan Afirka, wadda ta sa FIFA ta fara auna ƙashin wuyan hannu da na'ura a 2009. Ni a ganina, ko mene ne gaskiyar wannan zargi, akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Yaran Jamus da Sifen sun koma makarantun ƙungiyoyinsu aka ci gaba da renonsu. Namu sun dawo, aka yi musu biki, malamin da ya san halin kowannensu ya rasu, dillalai kuma suka yi musu ca.

Almajirin da ya fi cin gadon Tella ba cikin 'yan wasan ya fito ba. Mataimakinsa Manu Garba ne aka ba ƙungiyar daga baya, shi ne kuma ya ciwo kofi na huɗu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, bayan yaransa sun doke Meziko da ci 3 da nema a Abu Dhabi. Cikin mataimakan Manu Garba a wannan tafiya akwai Emmanuel Amuneke, wanda shi ma ya ciwo na biyar a Chile a 2015.