Fulorans Naitingel, wadda ta mai da jinya sana'a

Ranar 12 ga watan Mayu ta kowace shekara ma'aikatan jinya na ƙasashen duniya suke bikin ranarsu. Dalilin zaɓen wannan rana shi ne, a cikinta ne aka haifi Fulorans Naitingel, shekara ta 1820, a birnin Fulorans na ƙasar Italiya, inda iyayenta, mutanen Ingila, suke yawon buɗe ido. Sunan birnin aka raɗa mata.

Gidansu gidan wadata ne. Mahaifinta da kansa ya koya mata Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Latin da Girkanci, da tarihi, ta kuma nace sai da aka bar ta ta koyi lissafi. A zamanin nan abin da ake jira ga ɗiyar mai arziki bai wuce aure da karɓar baƙi ba. Ita kuwa tun cikin watan Fabrairu na 1837, ba ta cika shekara 17 ba, ta sa a ranta Allah ya kira ta ga wani aiki. Da ta bayyana cewa aikin nan jinyar marasa lafiya ne, sai hankalin gidan ya tashi.

Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifin iyayen. Asibitin Ingila na wancan lokaci wuri ne na ƙazanta da wari, matalauci kaɗai ke zuwa, shi ma sai in ya rasa yadda zai yi. Matan da ke jinya a ciki ba a koya musu kome ba, ladansu kaɗan ne, ana ɗaukarsu tamkar barori, an kuma san da yawa daga cikinsu da shan giya. Shekara da shekaru ana ja-in-ja tsakanin Fulorans da mahaifiyarta. A 1849 ta ƙi auren wani babban mutum da ya daɗe yana nemanta. Sai a 1851 ta samu ta tafi Kaiserswerth, a ƙasar Jamus, ta yi ƴan watanni tana koyon aiki a gidan jinya na wani limamin Kirista. A 1853 ta zauna kaɗan wurin mata masu zaman zuhudu a Faris, sa'an nan aka ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan jinya na mata a Landan. Mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, ta zama mai cin gashin kanta.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna taimakon daular Turkiyya a kan Rasha. Jaridun Landan suka riƙa kawo labarin yadda sojan Ingila masu rauni suke mutuwa ba mai kula da su, alhali sojan Faransa suna da mata masu zaman zuhudu da ke jinyarsu. Ministan da ke lura da harkar yaƙi, Sidney Herbert, ya san Fulorans tun haɗuwarsu a Rum a 1847. Ya roƙe ta ta tafi. Ranar 21 ga Oktoba 1854 ta tashi da mata 38, farkon Nuwamba suka sauka Iskutari, tsallaken ruwa daga Istambul.

Abin da ake kira asibiti a nan tsohon barikin sojan Turkiyya ne. Majinyata suna kwance jere cikin dogayen zauruka, wasu a ƙasa, da tufafin da suka yi yaƙi da su, ga kwarkwata, ga ɓeraye. Likitocin soja ba su yi murna da zuwan mata ba. Fulorans ta hana mutanenta taɓa majinyaci sai likita ya nema, ta jira har yawan masu rauni ya fi ƙarfin likitocin, suka nemi taimako da bakinsu. Daga nan ta kama aiki. Ta sayi tsintsiya da sabulu da riguna da kwanonin ci da kuɗin da jama'a suka tara, ta buɗe wurin wanki, ta gyara madafa. Da dare takan zaga zaurukan riƙe da fitila, shi ya sa aka yi mata laƙabi da mai fitila.

Wannan hoton fitila shi ne duniya ta riƙe. Amma ba nan maganar take ba. Duk da wankin da abincin, a damunar sanyi ta farko soja fiye da 4,000 suka mutu a Iskutari, mafi yawansu kuwa ba rauni ya kashe su ba: zawo da amai, da atini, da taifot, da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa. An gina barikin bisa magudanan ƙazanta da suka toshe, iska ba ta shiga. Sai a watan Maris 1855 gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta, da likita da injiniya. Suka share magudanan, suka buɗe tagogi, suka fid da mushen doki daga hanyar ruwan da ake sha. A watan Fabrairu ana lissafin mutum 42 cikin 100 suna mutuwa. Zuwa watan Yuni lissafin ya sauko wajen 2 cikin 100.

Cikin watan Mayu na shekarar ta ƙetare zuwa Kirimiya kanta, ta kamu da zazzaɓi mai tsanani har aka fid da rai. Masana na yau sun fi zaton ciwon nan ne da ake ɗauka daga madarar dabbobi marar dahuwa. Ta tashi, amma ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba. A 1856 ta koma gida a ɓoye da sunan aro, don gudun biki.

Aikinta mafi girma daga kan gado ta yi shi. Ta ga Sarauniya Biktoriya, ta matsa har aka kafa kwamitin binciken lafiyar soja a 1857. Ta zauna da William Farr, masanin ƙididdiga, suka bi alkaluman mace-macen yaƙin wata bayan wata. Alkaluman ba su yi mata sassauci ba, don sun nuna asibitin da ta yi aiki ciki yana cikin wuraren da aka fi mutuwa. Ba ta ɓoye ba. Ta zana lissafin cikin wani zane mai kama da faifai da aka raba gida 12, kowane gida wata guda, yadda ko ministan da ba ya son karatun lissafi zai ga da idonsa cuta ta fi harsashi kisa. Ita ce mace ta farko da ƙungiyar masanan ƙididdiga ta Landan ta karɓa.

Jama'ar Ingila sun tara mata kuɗi fiye da fam 40,000. Da su ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin Sen Tomas na Landan a watan Yuli 1860, da ɗalibai 15. Tsarin makarantar ne ya sake fuskar aikin. Ɗaliba tana shekara guda tana koyo a gefen gadon majinyaci, ana rubuta halinta da ƙwazonta. In ta gama, ana biyanta albashi, ba sai ta shiga zaman zuhudu ba. Masu jinya kuma suna da shugabarsu mace, wadda ita ke horonsu, ba likita ba. A littafin da ta rubuta kan jinya a 1859 ta nuna cewa aikin ya wuce miƙa magani. Mai jinya ita ke kula da iska da haske da tsabta da abinci da shiru, ita ce kuma idon likita: ta lura da numfashi da barci da cin majinyaci, ta faɗi abin da ta gani daidai, ba ƙari ba ragi. Duk majon da ya taɓa kwana shi kaɗai a likitar ƙauye ya san nauyin wannan magana.

Ɗalibanta suka bazu. Agnes Jones ta tafi gidan gajiyayyu na Liverpool a 1865, ta gyara shi, zazzaɓi ya kashe ta a can a 1868. A wannan shekara Lucy Osburn ta kai tsarin birnin Sidni na Ostareliya. Ba duka aka ci nasara ba: sashen koyon ungozoma da aka buɗe a wani asibitin Landan a 1861 an rufe shi a 1867, saboda zazzaɓin jego ya kashe masu haihuwa. Fulorans ta kuma yi shekaru tana rubutu kan ruwan sha da tsabtar ƙauyukan Indiya, ƙasar da ba ta taɓa taka ba.

Mace ce mai kaifin harshe, mai wahalar da abokan aikinta, kuma ba kullum take da gaskiya ba. Ta daɗe tana ganin gurɓatacciyar iska ce tushen cuta kafin ta yarda da maganar ƙwayoyin cuta. Da sabon zubin masu jinya suka kafa ƙungiya a 1887 suna neman gwamnati ta riƙa yi musu jarrabawa da rajista, sai ta tsaya musu a gaba. A ganinta jarrabawa tana auna sani, ba ta auna hali, takarda kuma ba ta nuna yadda mutum zai zama bayan shekara goma. Tsoron nata yana da tushe, amma ba tare da rajista ba babu yadda majinyaci zai bambanta wadda ta koya da wadda ta sa farar riga kawai. Dokar rajistar ta fito a 1919, bayan ranta.

A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma wadda ba a taɓa ba mace ba. Lokacin idonta ya tafi, tunaninta ya yi rauni. Ta rasu a gidanta na Landan ranar 13 ga Agusta 1910, tana da shekara 90. An nemi a binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, danginta suka ƙi, bisa wasiyyarta. Sajan shida suka ɗauki gawarta zuwa makabartar ƙauyen East Wellow, kusa da iyayenta. A jikin dutsen kabarin, haruffa biyu na farkon sunanta aka rubuta, da ranar haihuwa da ranar rasuwa.