Marigayi Sunday Bada (1969-2011): Haifaffen Kaduna Da Ya Zama Zakaran Duniya

Da yawa daga cikinmu 'yan asalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da neman abinci ya kai mu birane, Kaduna ce zangonmu na farko. Dattawanmu kuma ba su manta ba cewa kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na 1987, Kaduna ce hedikwatar jiharmu, tun tana amsa sunan Jihar Arewa ta Tsakiya har aka mayar da ita Jihar Kaduna a 1976. A wannan gari ne aka haifi Sunday Bada ranar 22 ga watan Yuni, 1969. Iyayensa mutanen Ogidi ne da ke ƙasar Ijumu, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Ashe ke nan shi ma ɗan masu zaman birni ne kamar 'ya'yanmu, an haife shi nesa da garin kakanninsa. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ci lambar zinare a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya wadda ake yi a rufaffen fili.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana wannan gasa, domin a wajenmu baƙon abu ne a ce an yi tsere a ƙarƙashin rufi. A Turai da Amurka sanyin hunturu da ƙanƙara kan hana wasa a sarari na tsawon watanni, shi ya sa suka gina manyan zauruka masu ɗauke da filin gudu a ciki. An gwada gasar duniya ta irin wannan fili a birnin Faris a 1985, sannan aka fara ta da cikakken sunanta a Indiyanafolis ta Amurka a 1987. Zagayen filin mita 200 ne, wato rabin na filin waje. Kwanoninsa matsattsu ne, don haka akan ɗaga gefensu na waje ya yi gangare, kada gudu ya jefar da mutum. Ba a jifan mashi ko faifai a ciki saboda ƙarancin wuri, kuma gajeren tsere na mita 60 ne a maimakon 100.

Tseren mita 400, wanda shi ne sana'ar Bada, ya fi sauran sauya kama idan aka shigo da shi ciki. A filin waje kowa na da layinsa daga farko har ƙarshe, babu ruwan wani da wani. A ciki kuwa zagaye biyu ake yi, kuma da an wuce kwana ta biyu sai kowa ya baro layinsa a rugo layin ciki. Wanda ya riga kama gaba ya sami babban rabo, domin mai son wuce shi dole ya buɗe ta waje, ya ƙara wa kansa tafiya a kan kwana, ga miƙaƙƙiyar hanyar kuma gajera. Akan yi gogayyar kafaɗa, wani lokaci har da tuntuɓe. Saboda haka ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da lissafi da sanin lokacin da za a ɗauki wuta. A nan Bada ya yi fice, har ya hau dandamalin karɓar lamba sau uku a jere.

Sunansa ya fara fita duniya a 1992, lokacin da ya wakilci nahiyar Afirka a gasar cin kofin duniya ta guje-guje a Habana, babban birnin Kyuba, ya kuma lashe mita 400. A watan Maris na 1993 ya je Toranto ta ƙasar Kanada, ya zo na biyu a gasar rufaffen fili. Wanda ya riga shi, Butch Reynolds na Amurka, shi ke riƙe da kambun duniya na mita 400 a filin waje a wancan lokaci, don haka ba abin kunya ba ne. A wannan shekara ce kuma ya yi gudu mafi sauri a rayuwarsa, daƙiƙa 44.63, a birnin Stuttgart na Jamus. Ya samo tagulla a wasannin ƙasashe renon Ingila a 1994. A 1995 ya sake zuwa na biyu a rufaffen fili a Basalona, wannan karon a bayan wani Ba'amurken, Darnell Hall. Cikin shekarar dai ya ci zinare a mita 200 a wasannin Afirka da aka yi a Harare, ya kuma taimaka wa Nijeriya ta sami tagulla a gudun miƙa sanda a gasar duniya ta ƙasar Suwidin.

Azurfa biyu a jere na iya sa mutum ya ɗauka iyakarsa ke nan, musamman a zamanin da Amurkawa suka mamaye wannan tsere kamar gadon gidansu. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A watan Maris na 1997, a zauren wasanni na Bercy da ke Faris, Bada ya sake kaiwa zagayen ƙarshe. Idon 'yan kallo na kan Jamie Baulch na Birtaniya, wanda makonni kaɗan kafin nan ya yi gudun daƙiƙa 45.39. Bada ya gama a daƙiƙa 45.51, Baulch ya biyo shi da 45.62, sai Shunji Karube na Japan ya zo na uku. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa. Wannan lokaci da ya yi ya zama sabon kambun Afirka na rufaffen fili a ranar. Sai da aka yi shekara 11 kafin Olusoji Fasuba ya sake kawo wa Nijeriya zinare a gasar, a tseren mita 60 a 2008.

Bada jami'in 'yan sanda ne, kamar Chioma Ajunwa wadda ta ci zinare a dogon tsalle a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ta kuma samo azurfa a wannan gasa ta Faris. Wannan batu ya cancanci lura. Rundunar ta ba su albashi da lokacin atisaye da wurin komawa idan ƙafa ta gaji, abin da mai gudu ɗan talaka ya fi buƙata. Mu da muka taso muna langa a dandali, muna kallon kokawa da dambe bayan kaka, mun san ƙasarmu ba ta rasa samari masu ƙafa da numfashi ba. A ganinmu abin da yaron Faskari ko Sabuwa ya rasa shi ne fili mai awo, da malamin wasanni mai agogo a hannu, da wata hukuma da za ta riƙe shi bayan ya gama sakandare. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu, wanda ya kai ga sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ya ƙara nesanta yara da filayen makarantunsu.

Babi mafi sosa rai a tarihin Bada ya faro ne daga wasannin Olamfik na Sidni, a ƙasar Ostireliya. Ranar 30 ga watan Satumba, 2000, aka yi zagayen ƙarshe na gudun miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 400. Clement Chukwu ya fara, ya miƙa wa Jude Monye, shi kuma ya miƙa wa Bada, wanda a lokacin ya kai shekara 31. Bada ya danƙa sandar ga matashi Enefiok Udo-Obong, wanda ya wuce abokan takararsa a dab da layin ƙarshe, ya sama wa Nijeriya matsayi na biyu cikin minti 2 da daƙiƙa 58.68. Jamaika ta zo ta uku. Amurka, da Michael Johnson a ƙarshen layinta, ita ta ɗauki zinare. Nduka Awazie da Fidelis Gadzama su ma suna cikin tawagar, domin sun yi gudu a zagayen share fage. Aka rataya musu azurfa, suka dawo gida aka yi murna.

Bayan kakar wasanni ta 2001 Bada ya jingine takalmin gudu. Ya ci gaba da aikin ɗan sanda, daga baya kuma ya zama daraktan fasaha na hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Nijeriya, inda yake kula da shirya 'yan wasan ƙasa.

Ana nan sai a 2008 Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin Amurkawan nan huɗu, ya amsa a gaban kotu cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a shekarun da suka haɗa da gasar Sidni. Michael Johnson ya mayar da lambarsa, kuma a watan Agusta na shekarar hukumar Olamfik ta duniya ta ƙwace zinaren daga tawagar Amurka baki ɗaya. Kowa ya san wanda ya kamata a ba. Amma ƙwacewa daban, miƙawa daban. Hukumar ta ɗauki kusan shekara huɗu tana nazari kafin ta yanke hukunci, 'yan wasanmu kuwa suna ta jira. Mu dai muna ganin jinkirin ya yi yawa, domin haƙƙin da aka tabbatar ba ya buƙatar dogon zama a cikin aljihun tebur.

Ranar 12 ga watan Disamba, 2011, Sunday Bada ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, rai ya yi halinsa, yana da shekara 42 a duniya. A watan Yuli na 2012, ana dab da buɗe wasannin Olamfik na Landan, hukumar ta bayyana Nijeriya a matsayin wadda ta lashe gudun miƙa sanda na Sidni, aka ɗaga Jamaika zuwa azurfa, Bahamas kuma zuwa tagulla. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma kusan shekara 12 da yin tseren.