Marigayi Dokta Mamman Shata: Mawaƙin da Ya Mai da Arewa Dandalinsa

Da wuya a sami wani dattijo a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu wanda bai taso da muryar Alhaji Mamman Shata a kunnensa ba. Ta gidajen rediyon Kaduna da Kano ta fara shigo mana, daga baya kaset ya kai ta shagunan tela, teburan masu shayi da motocin da ke zuwa cin kasuwar Shuwarin.

An haifi Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana kallon waƙa a matsayin roƙo, sana'ar da ake gada. Shata bai gaje ta ba. Ya fara ne da tallar goro da alewa, yana rera waƙoƙin samari a dandali don nishaɗi kawai. Daga nan ya koma Bakori, inda ya rungumi kiɗan kalangu sosai, ya tara makaɗa da 'yan amshi.

Tauraronsa ya haska a shekarar 1952 a birnin Kano, wajen shagalin da aka sani da Bikin 'Yan Sarki, lokacin da Dutse take gunduma a ƙarƙashin Masarautar Kano. A wajajen 1960 ya tare a Funtuwa, wadda ta zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake rabin rayuwar tasa a kan hanya ya yi ta.

Abin da ya bambanta shi da makaɗan fada irin su Narambaɗa shi ne bai ɗaure kansa ga ubangida ɗaya ba. Duk inda jama'a suka taru, nan ne fagensa: ƙofar fada, gidan biki, filin wasa, otal ko kulob. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma yi wa direbobi, 'yan kasuwa, manoma da mata. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji, ya kuma waƙe kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Yawancin waƙoƙinsa nan take yake ƙirƙirarsu a gaban jama'a, ba tare da shiri ba. Bakandamiyarsa kuwa, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, ita ce ake ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa.

Yawon waƙa ya kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma, har Ingila da Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta, wato sana'ar da mahaifinsa ya guda ita ce ta kai shi zauren malamai. Allah ya yi masa rasuwa ranar 18 ga Yuni, 1999 a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka yi masa sutura a Daura.

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Sai dai waƙoƙi da dama da ya yi a wuraren biki ba su shiga faifai ba, sai a kasakasan da masu biki suka ɗauka da kansu. Irin waɗannan kasakasai, nasa da na mawaƙanmu na Jigawa kamar Haruna Uji na Haɗeja, suna nan cikin akwatuna a gidaje, zafi da ƙura suna cin su. Muna kira ga 'yan ƙungiya da su lalubo su, a mayar da su cikin kwamfuta tun kafin su lalace.

Allah ya jiƙan Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.