JANE ADDAMS (1860-1935): MATAR DA TA ZAMA MAƘWABCIYAR MATALAUTA

A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar Amurka ta shiga wani babban canji. Masana'antu suka yi ta ƙaruwa, layin dogo ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, mutane kuma suka yi ta barin gonaki suna kwarara cikin birane. Birnin Shikago misali ne. A shekarar 1870 mazaunansa wajen dubu 300 ne, amma kafin 1890 sun haura miliyan 1. Da yawansu baƙi ne daga Turai, sun zo neman abinci. Dukiya ta taru a hannun mutane kaɗan, ma'aikata kuwa suna wuni a bakin inji saboda ɗan abin da bai kai ya kawo ba. A cikin wannan hali ne wata mace mai suna Jane Addams ta yi aikin da har yau ake tunawa da ita dominsa.

An haife ta ranar 6 ga Satumba, 1860, a ƙauyen Cedarville cikin Jihar Illinois. Mahaifiyarta ta rasu tun tana shekara 2. Mahaifinta, John Addams, mai hali ne, yana da injin niƙa, ya yi ɗan majalisar dattawan jiharsu, abokin Shugaba Abraham Lincoln ne kuma. Tun tana ƙarama ciwon tarin fuka ya taɓa ƙashin bayanta, ya bar ta da ɗingishi da yawan laulayi. Duk da haka ta gama makarantar 'yan mata ta Rockford a 1881. A shekarar nan mahaifinta ya rasu. Ta fara karatun likita a Filadelfiya, amma rashin lafiya ya sa ta bari. Ta yi shekaru ba ta san inda za ta sa gaba ba: ga ilimi, ga gādo, amma babu aikin da zai cika mata zuciya.

A 1888, lokacin da ta kai ziyara Landan, ta ga wani gida mai suna Toynbee Hall, inda samarin da suka gama jami'a suke zaune a tsakiyar unguwar matalauta suna yi musu hidima. Abin ya shige ta ƙwarai. Da ta komo gida, ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka kama hayar wani tsohon gida a titin Halsted cikin Shikago, wanda wani attajiri mai suna Charles Hull ya gina. Suka tare ranar 18 ga Satumba, 1889. Shi ne aka sani da suna Gidan Hull.

Abin lura a nan shi ne, Jane ba ta tsaya a nesa tana aika sadaka ba. Ta kwashe kayanta ta koma cikinsu. Maƙwabtanta Italiyawa ne, da mutanen Ayalan, da Jamusawa, da Yahudawan Rasha, daga baya kuma Girkawa. Da ta ga iyaye mata suna kulle 'ya'yansu a ɗaki su tafi aiki, sai aka buɗe wurin renon yara. Aka buɗe makarantar dare don koyon Turanci da sana'a, da ɗakin karatu, da wurin wanka, da filin wasa. Sannu a hankali gida ɗaya ya zama gine-gine 13.

Amma zama da mutane ya koya mata abin da makaranta ba ta koya mata ba. A Kirsimetinsu na farko aka raba wa yara alewa, sai waɗansu ƙananan 'yan mata suka ƙi karɓa. Ashe a masana'antar alewa suke aiki, makonni 6 ke nan suna yi daga ƙarfe 7 na safe har 9 na dare, ko ganinta ba sa so. Daga nan Jane ta gane cewa kyauta ba za ta warkar da wannan ciwo ba. Sai an canza doka.

Wata mata mai ƙarfin hali, Florence Kelley, ta zo ta zauna a Gidan Hull a ƙarshen 1891. Ta bi ɗakunan ɗinki lungu-lungu tana rubuta shekarun yaran da ke aiki da abin da ake biyansu. Da wannan shaida, tare da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, aka matsa wa majalisar jiha. A 1893 Jihar Illinois ta kafa dokar da ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 14 aiki a masana'anta, ta kuma ƙayyade aikin mata zuwa awa 8 a rana. Masu masana'antu suka kai ƙara, a 1895 kotun ƙolin jihar ta soke sashen awa 8. Ba su karaya ba. A 1899 matan Gidan Hull da abokan aikinsu suka sa aka kafa kotun yara ta farko a Amurka, don kada a riƙa kulle yaro tare da manyan masu laifi.

Jane ba ta raina ƙaramin aiki ba. Shara ta cika unguwarsu, cututtuka suna kashe jarirai, 'yan kwangila kuwa suna karɓar kuɗi ba sa kwashewa. A 1895 magajin gari ya naɗa ta dubagari na mazaɓa ta 19. 'Yar sanata guda ta riƙa tashi da sassafe tana bin kekunan shara har juji, tana kai ƙarar duk wanda ya yi ha'inci. Wannan ya haɗa ta da kansilan mazaɓar, John Powers. Gidan Hull ya yi ƙoƙarin kayar da shi a zaɓen 1896 da na 1898, bai yi nasara ba. Maimakon ta zagi masu zaɓe, sai ta nemi dalili. Ta ga mutumin yana samar wa mutane aiki, yana zuwa jana'izarsu, yana taimakonsu ranar wahala. Ta fahimci cewa mai son gyara, in bai kusanci mutane haka ba, wa'azinsa ba zai shiga ba.

Sunanta ya game ƙasa. Tana cikin waɗanda suka sa hannu aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP a 1909. Ta yi fafutukar a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, abin da ya tabbata a 1920. Amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ta tsaya a kan neman sulhu. Ta shugabanci taron mata na neman zaman lafiya a birnin Hague a 1915, ta kuma ƙi goyon bayan shigar Amurka yaƙin a 1917. Jaridun da suka saba yabonta suka juya mata baya, waɗansu har suka ɗauke ta maciyar amanar ƙasa. Ta sha kaɗaici, amma ba ta janye ba. A 1931 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, ita ce mace ta farko daga Amurka da ta samu.

Ta rasu a Shikago ranar 21 ga Mayu, 1935, aka binne ta a ƙauyensu. Shekara 3 bayan haka, a 1938, Amurka ta kafa dokar ƙasa da ta taƙaita aikin ƙananan yara. An rushe yawancin gine-ginen Gidan Hull a 1963 don gina jami'a, amma ainihin gidan yana nan, an mai da shi gidan tarihi.

'Yan makaranta, musamman ku masu fita bana, ga abin tunani. Jane Addams ba ta da ƙoshin lafiya, ba ta kuma taɓa cin zaɓe ba. Abin da take da shi ilimi ne da zuciyar da ta ƙi wucewa ta bar mai rauni a gefen hanya, kamar Basamariyen nan da muka sani. Takardar shaidar da za ku karɓa, wa za ta amfana ban da ku? Allah ya ba mu idon ganin maƙwabcinmu, da ƙarfin halin tsayawa tare da shi.