Henry Melchior Muhlenberg

Henry Melchior Muhlenberg (6 ga Satumba 1711 – 7 ga Oktoba 1787) fasto ne Bajamushe na ɗarikar Lutheran wanda ya yi ƙaura zuwa Arewacin Amurka a shekarar 1742. Ana ɗaukarsa a matsayin uban cocin Lutheran a Amurka. Shi ne kuma tushen zuriyar Muhlenberg, wadda ta fitar da fastoci, sojoji, 'yan siyasa da masana.

Asali da karatu

An haife shi a garin Einbeck da ke ƙasar Hanover, a Jamus ta yau. Sunan mahaifinsa Nicolaus Melchior, mahaifiyarsa kuma Anna Maria Kleinschmid. Mahaifin ya rasu tun Henry yana yaro. Ya shiga Jami'ar Göttingen a 1735 inda ya karanta ilimin tauhidi, daga nan ya koyar a gidan marayu na birnin Halle. An naɗa shi fasto a Leipzig a 1739.

Ƙaura zuwa Amurka

A wancan lokaci Jamusawa da yawa sun zauna a Pennsylvania, wadda ke ƙarƙashin mulkin Ingila, amma ba su da isassun fastoci masu horo. Ikilisiyoyi uku, wato na Philadelphia, New Hanover da Trappe, suka nemi a aiko musu da fasto, sai shugabannin Halle suka tura Muhlenberg. Ya isa Philadelphia a watan Nuwamba 1742. A 1748 ya jagoranci kafa majalisar fastocin Lutheran ta Pennsylvania, wadda ita ce ta farko da ta ɗore a Amurka.

Aure da 'ya'ya

A 1745 ya auri Anna Maria Weiser, 'yar Conrad Weiser, sanannen tafinta tsakanin gwamnatin Pennsylvania da ƙabilun Iroquois. Wannan aure ya haɗa baƙon faston da gidan da ya riga ya yi suna a ƙasar. Sun haifi 'ya'ya 11, bakwai daga ciki suka rayu har suka girma.

A 1763 ya aika 'ya'yansa maza uku karatu Halle, dukkansu kuma sun zama fastoci. Shi kansa yana kauce wa siyasa, amma yaƙin neman 'yancin Amurka ya raba biyu daga cikinsu da mumbari. Peter ya bar ikilisiyarsa a Virginia ya shiga soja har ya kai muƙamin janar. Frederick ya shiga siyasa, a 1789 ya zama kakakin Majalisar Wakilan Amurka na farko. Na ukun, Henry Ernest, ya ci gaba da aikin coci a Lancaster, ya yi fice a ilimin tsirrai, kuma shi ne shugaban Kwalejin Franklin na farko. Da sunansa aka laƙaba wa dangin ciyawar Muhlenbergia suna.

Jikoki

Ta wajen 'yarsa Eve Elizabeth ya samu jika, John Andrew Shulze, wanda ya yi gwamnan Pennsylvania daga 1823 zuwa 1829. Tattaɓa-kunnensa William Augustus Muhlenberg, jikan Frederick, ya zama limamin cocin Episcopal, kuma ya kafa asibitin St. Luke's a New York.

Rasuwa

Ya rasu a Trappe yana da shekara 76, aka binne shi a harabar cocin Augustus da aka gina a zamaninsa. Kwalejin Muhlenberg da ke Allentown tana ɗauke da sunansa tun 1867.