Alƙali Abu Yusuf: Malamin da ya tsara wa Haruna Rashid ƙa'idar haraji

Kalmar haraji da muke furtawa kullum aro ce daga Larabci, daga kharaj, wato kuɗin ƙasa da manomi ke biya wa hukuma. Haka ma baitulmali da zakka da ushira. Mun karɓi kalmomin, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san malamin da ya rubuta ɗaya daga cikin littattafai mafi daɗewa a kan yadda ya kamata a tara wannan dukiya da yadda za a kashe ta.

Sunansa Yaƙubu ɗan Ibrahim, an fi saninsa da Abu Yusuf. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekarar 731, wato 113 bayan Hijira, a gidan da ba shi da wadata. Ya fara karatun fiƙihu a wurin Ibn Abi Laila, daga baya ya koma zauren Imam Abu Hanifa, wanda ya ga hazaƙarsa ya riƙa tallafa masa don kada talauci ya raba shi da karatu. Bayan rasuwar malaminsa a 767, ya yi alƙalanci a Bagadaza zamanin halifofin Abbasiyawa uku, wato Mahdi da Hadi da Haruna Rashid, kuma shi ne farkon wanda aka kira Alƙalin Alƙalai.

Haruna Rashid, wanda ya hau mulki a 786, shi ya nemi ya rubuta masa jagora a kan kuɗin shigar daula. Amsar ita ce Kitabul Kharaj. A lokacin babbar taskar daular ita ce yankin Sawad, gonakin kudancin Iraƙi da kogunan Dijla da Furatu ke shayarwa. Tsohon tsari shi ne a auna faɗin gona a yanka mata kuɗi tsayayye, ko an samu albarka ko ba a samu ba. Abu Yusuf ya goyi bayan a riƙa karɓar kaso daga abin da gonar ta bayar, kuma wanda ya sha wahalar jan ruwa ya biya ƙasa da wanda ruwa ya iske har gonarsa. Hujjarsa ita ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: manomin da aka tatse zai gudu ya bar gona, baitulmali kuma shi zai yi asara.

Ya yi kakkausar suka ga al'adar sayar wa ɗan kwangila izinin karɓar harajin yanki, domin wanda ya biya hukuma kuɗi tun farko ba zai huta ba sai ya fanshe da riba daga jikin talaka. Ya nemi a naɗa amintattun ma'aikata, a biya su albashi daga baitulmali, a sa musu ido, a kuma hana dukan masu biya ko tsayar da su cikin rana. Ya ce kada a haɗa zakka da haraji wuri guda, tunda kowanne da inda shari'a ta ce a kashe shi.

Bai tsaya a kan karɓa kaɗai ba. A ganinsa, gyaran manyan magudanan ruwa da madatsu nauyi ne a kan baitulmali, haka ma ciyar da fursunonin da ba su da komai da tufatar da su. Ya kuma shawarci Halifa ya riƙa zama da kansa lokaci-lokaci don sauraron kukan waɗanda aka zalunta.

Ya rasu a Bagadaza a 798. Masu sukarsa sun ce ya kusanci fada fiye da kima, alhali malaminsa ya ƙi karɓar alƙalanci. To amma da wannan kusancin ne ya faɗa wa mai mulki gaskiya a rubuce.

A 2025 Nijeriya ta yi sababbin dokokin haraji, kuma har yanzu 'yan kwangilar tara kuɗin shiga na nan a kasuwanninmu da tashoshinmu. Ma'aunin Abu Yusuf yana nan daram: a karɓa gwargwadon ƙarfin mai biya, ta hannun amintacce, a kuma mayar masa da shi cikin aikin da zai gani da idonsa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.