Alfred Wegener (1880–1930): Masanin Yanayin da Ya Ce Nahiyoyi Suna Tafiya

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar duniya a gabansa, ya dubi gaɓar gabashin Amurka ta Kudu da gaɓar yammacin Afirka, zai ga kamar ɓari biyu ne na ƙwarya guda da ta tsage. Kusurwar Birazil da ta turo cikin teku ta yi daidai da lungun Mashigin Gini, inda Nijeriya da Kamaru suke. Masu zana taswira sun lura da haka tun ƙarni na 16, amma wanda ya ɗauki batun da gaske, ya tara masa hujjoji, ya kuma sha suka a kansa har ƙarshen ransa, shi ne Bajamushen nan Alfred Lothar Wegener. Abin lura shi ne, Wegener ba masanin duwatsu ba ne. Masanin yanayi ne, kuma ta ƙofar yanayi ya shiga tarihin ƙasa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Wegener a birnin Balin ranar 1 ga Nuwamba, 1880. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa malamin addinin Kirista ne, mai koyar da tsofaffin harsunan Turai, wanda kuma ya shugabanci wani gidan marayu. Wegener ya sami digirin digirgir a ilimin taurari a shekarar 1905, amma bai zauna a wannan fage ba, ya koma nazarin iska da sararin samaniya. A watan Afrilun 1906 shi da wansa Kurt suka hau balan-balan mai ɗaukar mutane, suka shafe fiye da awa 52 a sama, abin da ba a taɓa yi ba kafin su.

A wannan shekarar ya bi ayarin masu bincike na ƙasar Denmak zuwa Girinlan, tsibirin da ƙanƙara ta lulluɓe mafi yawansa. Ya yi shekara biyu a can yana auna yanayi. Shugaban ayarin da mutum biyu sun mutu a tafiyar. Da ya dawo sai ya kama koyarwa a Jami'ar Marburg. Tsakanin 1912 da 1913 ya sake komawa, su huɗu suka keta tsibirin daga gabas zuwa yamma, tafiyar fiye da kilomita 1,000, sai da yunwa ta sa suka yanka dokinsu na ƙarshe kafin a tsince su. A 1913 ya auri Else, ɗiyar Wladimir Köppen, masanin da har yau ake koyar da yadda ya karkasa yanayin duniya a darussan labarin ƙasa.

Ra'ayinsa da Hujjojinsa

A 1910 Wegener ya fara lura da dacewar gaɓoɓin nan biyu, bai dai ba abin muhimmanci ba. A 1911 ya karanta wani rubutu da ya nuna cewa burbushin tsofaffin halittun da ake tonowa a Birazil iri ɗaya ne da na Afirka. Ranar 6 ga Janairu, 1912, ya gabatar da ra'ayinsa a gaban masana duwatsu a birnin Frankfurt. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka ɗauke shi soja, aka raunata shi sau biyu, kuma a lokacin jinya ya rubuta littafinsa da Jamusanci mai suna Asalin Nahiyoyi da Tekuna, wanda ya fito a 1915. An sake buga shi da gyare-gyare a 1920 da 1922 da 1929.

Ra'ayin shi ne, a da can nahiyoyin duniya a dunƙule suke wuri guda, daga baya suka tsattsage, kowane yanki ya kama gabansa. Wannan dunƙulalliyar ƙasa ita ake kira Panjiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "duka" da "ƙasa". Daga cikin hujjojinsa akwai wata ƙaramar dabba mai jan ciki, Mesosaurus, wadda ake samun ƙasusuwanta a Amurka ta Kudu da kudancin Afirka kawai, alhali ba ta da ƙarfin ƙetare Tekun Atlantika. Akwai kuma tsiron Glossopteris da aka samu burbushin ganyensa a Amurka ta Kudu da Afirka da Indiya da Ostireliya da Antaktika. Masanan zamanin suna bayyana wannan da cewa wasu gadoji na ƙasa ne suka taɓa haɗa nahiyoyin, daga baya suka nutse. Wegener ya ce hakan ba ya yiwuwa, domin dutsen nahiya ya fi dutsen ƙasan teku rashin nauyi, ba zai nutse ya ɓace ba.

Hujjar da ta fi dacewa da sana'arsa ita ce ta tsohon yanayi. Kowane irin dutse yana ba da labarin yanayin da aka yi shi a ciki. Kwal yana nuna dausayi mai ruwan sama da yawa, gishiri yana nuna fari da zafi, murjani yana nuna teku mai ɗumi, tarkacen duwatsu masu karce kuwa suna nuna inda ƙanƙara ta ja jiki. To, kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe sassan Afirka ta Kudu da Indiya da Ostireliya da Amurka ta Kudu, a daidai lokacin da dazuzzukan da suka zama kwal suke tsirowa a Turai da Amurka ta Arewa. Idan nahiyoyi ba su taɓa gusawa ba, yaya za a yi Indiya ta daskare, Turai kuwa tana fama da zafi? Amma idan aka tattara nahiyoyin kudu a kewayen ƙuryar kudancin duniya, sai komai ya zauna a mazauninsa. Shi da surukinsa Köppen, wanda da farko ya so ya hana shi shiga batun, sun fitar da littafi a kan yanayin zamunnan da suka shuɗe a 1924, shekarar da ya zama farfesa a Jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya.

Zamanin Alli

Wegener ya sanya rabuwar Afirka da Amurka ta Kudu a zamanin da masana ke kira Kiretashiyos, daga kalmar Latin mai ma'anar "alli", saboda allin da ya taru a ƙasan tekuna a lokacin. Zamanin ya fara kimanin shekara miliyan 145 da suka wuce, ya ƙare a miliyan 66, kuma shi ne zamani na ƙarshe na manyan dabbobin nan da ake kira dainoso. A nan binciken da aka yi bayansa ya gaskata shi. Tsagewar ta faro daga kudu tana yin arewa, kuma yankin Mashigin Gini yana cikin wuraren da suka rabu daga ƙarshe, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce.

Duniyar wancan lokaci ta fi ta yau zafi nesa ba kusa ba. Babu manyan tulin ƙanƙara irin na yau a ƙuryoyin duniya, ruwan teku ya ɗara matsayinsa na yanzu da fiye da mita 100, ya malale cikin nahiyoyi. Ƙasar Nijeriya tana ɗauke da tabon wannan zamani. Kwarin Binuwai reshe ne na tsagewar da ta buɗe Atlantika, sai dai shi bai ƙarasa zama teku ba, ruwan gishiri ya shige shi, laka da yashi suka cike shi. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Ashaka ta Jihar Gombe a ƙasan wannan ruwa ya taru, kwal ɗin Inugu ma na ƙarshen zamanin ne. Wani siririn teku ya sha ratsa inda Sahara take a yau, kuma a yankin Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai jan ciki da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo.

Adawar da Ya Fuskanta

Masana duwatsu, musamman na Ingila da Amurka, ba su karɓi ra'ayin ba. A wani taro da aka yi a birnin New York a 1926, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yi watsi da shi. Akwai ƙyashin ganin baƙo ya shigo gonar da ba tasa ba, amma ba za a ce adawar duka son zuciya ce ba. Wegener ya kasa nuna ƙarfin da ke tura nahiyoyi. Ya danganta abin da juyawar duniya da jan rana da wata, sai masanin lissafi Harold Jeffreys ya nuna cewa waɗannan sun yi kaɗan ƙwarai. Haka kuma ya yi kuskure wajen saurin tafiyar, domin ya ɗauka Girinlan tana gusawa mitoci da yawa a shekara, alhali Atlantika 'yan santimitoci kawai take ƙara faɗi. 'Yan kaɗan ne suka mara masa baya, irin su Alexander du Toit na Afirka ta Kudu da Arthur Holmes na Ingila, wanda ya kawo shawarar cewa zafin cikin ƙasa ne ke motsa nahiyoyi.

Rasuwarsa

A 1930 Wegener ya jagoranci ayari zuwa Girinlan, suka kafa tashar auna yanayi a tsakiyar ƙanƙara, kilomita 400 daga gaɓar yamma, a tudu mai tsayin kusan mita 3,000. Da ya ji tsoron kada guzurin mutum biyun da ke can ya gaza, sai ya tashi a watan Satumba da keken ƙanƙara da karnuka ke ja. Daga cikin 'yan ƙasar 13 da suka raka shi, 12 sun juya saboda tsananin sanyi. Su uku suka isa ranar 30 ga Oktoba, ɗayansu, Fritz Loewe, yatsun ƙafarsa sun daskare har sai da aka yanke su da wuƙar aljihu. Abincin tashar ba zai ishi mutum biyar ba, saboda haka ranar 1 ga Nuwamba, ranar da ya cika shekara 50, Wegener ya juyo tare da Rasmus Villumsen. Ba su iso ba. A watan Mayun 1931 aka sami gawarsa a kusan rabin hanya, Villumsen ya rufe ta a tsanake ya kafa alama. Shi Villumsen ba a taɓa ganin gawarsa ba. A nan cikin ƙanƙarar aka sake binne Wegener.

Sai bayan fiye da shekara 30 aka koma kan maganarsa, da aka auna ƙasan tekuna aka ga sabon dutse yana fitowa ta tsakiyar Atlantika yana ture ɓangarorin biyu. A 1965 Edward Bullard da abokan aikinsa suka haɗa gaɓoɓin da kwamfuta, suka dace, in ban da 'yan wurare kamar bakin Kogin Neja, inda lakar da kogin ya zuba bayan rabuwar ta yi ƙari. A 1967 aka gano cewa iyakar da ta raba tsofaffin duwatsu da sababbi kusa da Akara ta Ghana ta ci gaba a kusa da São Luís ta Birazil. A 1980 Jamus ta kafa cibiyar binciken ƙuryoyin duniya da tekuna mai ɗauke da sunansa. A 2017 jirgin binciken cibiyar ya haƙo laka daga ƙasan teku a gefen yammacin Antaktika, aka sami saiwoyi da ƙwayoyin furen wani daji mai dausayi da ya tsiro shekara miliyan 90 da suka wuce, kimanin kilomita 900 daga ƙuryar kudancin duniya.